Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shekara 100 na Ja-in-ja Tsakanin Matuƙa Jiragen Sama da Kamfanonin Amurka

A watan Satumba na 2022, kamfanin American Airlines ya daina zuwa wasu garuruwa huɗu na Amurka: Toledo, Dubuque, Ithaca da Islip. Fasinjoji na nan, jirage na nan, man jirgi ma bai yanke ba. Abin da aka rasa shi ne mutanen da za su zauna a kujeru biyun nan na gaba. Tun a watan Yuni shugaban kamfanin, Robert Isom, ya bayyana cewa suna da ƙananan jirage kusan 100 a ajiye saboda babu masu tuƙa su.

Kamfanoni suka ce ƙarancin matuƙa ne, kuma tsauraran dokokin gwamnati ne suka jawo shi. Ƙungiyoyin matuƙa suka ce sam, ƙasar tana yaye isassun matuƙa, albashi ne ya yi ƙaranci, kuma duk wanda ya biya da kyau ba zai rasa ma'aikaci ba. Kowane ɓangare na riƙe da alƙalumansa. Sai dai wannan gardama ta girmi duk masu yin ta a yau. Idan muna so mu gane inda gaskiya ta fi karkata, sai mun koma can baya, zamanin da buhunan wasiƙu ne manyan fasinjojin jirgin sama.

Ranar da aka ƙi tashi cikin hazo

A 1918 ne gwamnatin Amurka ta fara jigilar wasiƙu ta sama a kai a kai, a ƙarƙashin hukumar gidan waya. Jiragen ragowar Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, wurin zaman matuƙi a buɗe yake, iska da ruwan sama na dukansa. Sau da yawa layin dogo yake bi da ido don kada ya ɓata. Idan hazo ya sauka, ransa na hannun Allah, kuma matuƙa da dama sun mutu a wannan aiki.

Jami'in da ke kula da harkar, Otto Praeger, tsohon ɗan jarida ne, bai iya tuƙi ba. Abin da ya dame shi shi ne wasiƙa ta isa kan lokaci, don kada majalisa ta yanke kuɗin aikin. A watan Yuli na 1919 wani matuƙi, Leon Smith, ya ƙi tashi daga New York cikin hazo. Aka umarci wani, E. Hamilton Lee, shi ma ya ƙi. Aka kore su duka biyun, sauran matuƙan kuma suka ajiye aiki. Bayan 'yan kwanaki aka sasanta a kan wani sharaɗi mai ban dariya amma mai hikima: idan manajan filin jirgi ya dage cewa sararin samaniya ya yi kyau, to ya hau jirgi a zagaya da shi ya gani da idonsa. An mayar da Lee bakin aiki, Smith kuwa ba a mayar da shi ba.

Tun daga ranar tambayar da ke ƙarƙashin duk rigingimun ta fito fili: wa ke da ikon cewa a tashi, mai lissafin kuɗi a ofis ko wanda zai sa wuyansa?

Mutum 24 a wani otel

Da kamfanoni masu zaman kansu suka karɓi jigilar wasiƙu, sannan tattalin arzikin duniya ya karye daga 1929, sai aka fara rage albashi ana ƙara awannin aiki. Ranar 27 ga Yuli, 1931, matuƙa 24 suka haɗu a asirce a otel ɗin Morrison da ke Chicago, ƙarƙashin jagorancin David Behncke, suka kafa ƙungiyar ALPA. Tsoron kora ya sa ake kiran wakilan da haruffa a maimakon sunayensu.

Ba a daɗe ba aka gwada su. A farkon 1932, attajiri E. L. Cord, mai kamfanin Century Airlines, ya zaftare albashin matuƙansa, da suka yi ƙorafi ya rufe musu ƙofa ya ɗauko wasu. Ƙungiyar ba ta da kuɗin dogon yajin aiki, sai Behncke ya kai kukansa Washington, inda ɗan majalisa Fiorello La Guardia ya tsaya musu. Cord yana neman kwangilar wasiƙu daga gwamnati, surutun da ya tashi a majalisa kuwa ya ɓata masa lissafi. Behncke ya koyi darasin da ƙungiyar ke amfani da shi har gobe: wanda ke cin abinci daga hannun gwamnati, a gaban gwamnati ake kama shi.

A 1934 hukumar ƙwadago ta ƙasa ta yanke wani hukunci da ake kira Hukunci na 83. Ya ƙayyade cewa matuƙi ba zai wuce awa 85 a sama cikin wata ba, ya kuma ɗaure albashi da saurin jirgi. Wannan sharaɗi na biyu ya zama rijiyar zinariya, domin duk lokacin da aka ƙero jirgi mafi sauri, albashi na hawa da kansa. A nan ne tushen babban albashin da aka san matuƙan Amurka da shi.

A 1936 aka sa kamfanonin jiragen sama ƙarƙashin dokar ƙwadago ta jiragen ƙasa, wadda aka yi tun 1926. A wannan doka yarjejeniyar aiki ba ta mutuwa, lokacin gyara ta ne kawai ke zuwa. Ba a shiga yajin aiki sai hukumar sasantawa ta gwamnati ta ce ta gaza, sannan a jira kwana 30, kuma ko bayan haka shugaban ƙasa na iya dakatar da shi. Haka Bill Clinton ya yi wa matuƙan American a Fabrairun 1997, 'yan mintoci bayan sun fara. Shi ya sa tattaunawar albashi a Amurka kan ci shekaru, ɓacin rai na taruwa kamar ruwa a bayan madatsa.

Jerin wa-ya-riga-wa

Akwai abu guda da idan ba mu fahimce shi ba, sauran labarin ba zai shiga kai ba. Ranar da kamfani ya ɗauki matuƙi, ana ba shi lamba a jerin ma'aikata. Wannan lamba ce ke yanke masa komai: irin jirgin da zai tuƙa, yaushe zai tashi daga mataimaki ya zama kyaftin, garin da zai zauna, ko zai yi hutun ƙarshen shekara da iyalinsa, da kuma wanda za a fara sallama idan kasuwa ta faɗi. An yi tsarin ne don hana son kai, ta yadda manaja ba zai danne wanda ya ƙi tashi cikin hazo ba, ya ɗaga ɗan amshin shata.

Amma lambar ba ta bin mutum zuwa wani kamfani. Kyaftin mai shekara 25 a sama, idan kamfaninsa ya rushe, a ƙasan jerin sabon wuri zai fara, mataimaki mai albashin sabon shiga. Saboda haka matuƙi da kamfaninsa kamar auren zobe ne, ba inda za a je, sai dai a yi ta faɗa a cikin ɗaki.

Tsarin yana ɗaure kamfani shi ma. Ba zai iya sayo gogaggun kyaftin daga waje ya cike giɓi a sama ba. Idan kyaftin ɗin babban jirgi ya yi ritaya, na bayansa ya matsa gaba, wani ya gaji kujerar wannan, haka har ƙasa, kuma kowannensu sai ya shafe makonni a aji da cikin na'urar kwaikwayon tuƙi kafin ya karɓi sabon jirgi. Ritayar mutum ɗaya na iya cire mutane da dama daga aiki na ɗan lokaci.

Hatta shekarun ritayar daga rigima suka fito. A ƙarshen shekarun 1950, da jirage masu injin jet suka iso, shugaban American na lokacin, C. R. Smith, ya so sallamar matuƙan da suka kai shekara 60. Masu sasanci suka ba matuƙan gaskiya, sai ya kai maganar ga Elwood Quesada, shugaban farko na hukumar kula da sufurin sama ta FAA. A Disambar 1959 aka fitar da dokar ritaya a shekara 60, ta fara aiki a 1960. ALPA ta yaƙe ta kusan shekara 20, daga baya ta koma goyon bayanta, domin matasan mambobinta sun gane cewa tafiyar dattijo ita ce ƙarin girman yaro.

Da aka sakar wa kasuwa mara

Har zuwa 1978, wata hukumar gwamnati ce ke yanke kuɗin tikiti da hanyar da kowane kamfani zai bi. Idan albashi ya ƙaru, akan bar kamfani ya ɗora wa fasinja. A Oktoban 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta cire wannan takunkumi. Sababbin kamfanoni irin su People Express suka shigo da tikiti mai araha da ma'aikata marasa ƙungiya. A Agustan 1981 Shugaba Ronald Reagan ya kori masu ba jirage umarni daga hasumiya fiye da 11,000 saboda yajin aiki, shugabannin kamfanoni kuma suka gane cewa iska ta juya.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan iska shi ne Frank Lorenzo. Ranar 24 ga Satumba, 1983, ya kai kamfanin Continental kotu neman kariya daga masu bin bashi, ya yi amfani da wannan dama ya soke yarjejeniyoyin ƙungiyoyi. Bayan kwana uku jirage suka ci gaba da tashi da ma'aikata kaɗan a kan kusan rabin albashi. Matuƙa suka shiga yajin aiki ranar 1 ga Oktoba, aka yi shekara biyu ana ja, kamfani yana ɗaukar wasu a gurbinsu, ƙarshe ƙungiyar ta sha kaye. A 1984 majalisa ta gyara doka don ƙara wahalar soke yarjejeniya ta wannan hanya, amma aikin gama ya gama.

A shekarar 1983 ɗin dai, Robert Crandall na American ya zo da wata dabara mai laushi: tsofaffin ma'aikata su riƙe albashinsu, sababbin da za a ɗauka a biya su kusan rabi. Ƙungiyar matuƙan kamfanin ta amince, tunda waɗanda abin zai shafa ba su ma shigo ba balle su yi zaɓe. Da United ya so kwaikwayon wannan a 1985, matuƙansa suka yi yajin kwana 29. Kamfanin ya riga ya horar da sababbi kimanin 570 don su maye gurbi, amma kusan dukkansu suka ƙi shiga jirgi. An ƙare da albashi mai hawa biyu, sai dai an rage masa kaifi.

Mafi muni shi ne na Eastern, wanda Lorenzo ya saya a 1986. Ranar 4 ga Maris, 1989, makanikai suka shiga yajin aiki, matuƙa suka mara musu baya, cikin kwana biyar kamfanin ya tafi kotu. A Janairun 1991 Eastern ya rufe har abada. Dubban matuƙa suka rasa aiki da lambobinsu. Lorenzo ma bai tsira ba, domin a 1994 ma'aikatar sufuri ta hana shi kafa sabon kamfani. Har yau akwai tsofaffin matuƙa da ba sa gaisawa da waɗanda suka yi aiki a lokacin waɗancan yajin.

Waɗanda aka bari a ƙasan tsani

Daga shekarun 1990 manyan kamfanoni suka ƙara miƙa zirga-zirgar ƙananan garuruwa ga 'yan kwangila. Jirgin na ɗauke da fenti da sunan babban kamfani, amma matuƙan na wani ƙaramin kamfani ne mai jerinsa daban da albashinsa daban. Ƙungiyoyi suka sa iyaka a yarjejeniyoyinsu, wadda a yau ta tsaya a kujera 76 ga irin waɗannan jirage. Sun kare ayyukan manya, amma sun bar na ƙasa ga kwangilar da mai araha ke cinyewa. A nan ƙungiyoyin ma suna da nasu kason laifi.

Sai harin 11 ga Satumba, 2001. Aka sallami dubban matuƙa. United ya tafi kotu a 2002, ya rushe asusun fanshon ma'aikatansa a 2005. Delta da Northwest suka bi sahu rana ɗaya a Satumbar 2005, American kuma a 2011. A Disambar 2007 aka ɗaga shekarun ritaya zuwa 65, abin da ya sa kusan shekara biyar layin bai motsa ba. Yaro mai basira da ya duba a wancan lokaci, zai ga zai ci bashin dubban daloli ya koyi tuƙi, sannan ya fara da albashin da bai fi na mai sayar da abinci ba. Da yawa suka nemi wata sana'a.

Daren 12 ga Fabrairu, 2009, jirgin Colgan Air mai lamba 3407, wanda ke aiki da sunan Continental, ya faɗo kan wani gida kusa da Buffalo a jihar New York. Mutum 50 suka mutu. Masu bincike suka gano cewa da na'ura ta yi gargaɗin saurin jirgin ya yi ƙasa, kyaftin ya ja hancinsa sama a maimakon ya tura shi ƙasa. Suka kuma gano yadda matuƙan ke rayuwa. Mataimakiyar, wadda albashinta na shekara ya kasance wajen dala 16,000, tana zaune ne a yankin Seattle, can ɗaya ƙarshen ƙasar, kuma ta kwana a hanya cikin jiragen dakon kaya kafin ta iso bakin aiki.

Iyalan mamatan suka yi ta sintiri a majalisa har aka yi doka a 2010. Daga 2013, mataimakin matuƙi a jirgin fasinja sai ya tara awa 1,500 a sama, a maimakon 250 na da. An sassauta wa tsofaffin sojoji zuwa 750, masu digirin fannin kuma 1,000. A 2014 sababbin ƙa'idojin hutu suka fara aiki, ciki har da hutun awa 10 kafin a kama aiki.

Masu sukar dokar na tuna mana cewa matuƙan Colgan biyun duk sun haura awa 1,500, kuma a Turai ana sa matashi a kujerar mataimaki da awa 200 da 'yan kai bayan horo mai tsari. Masu kare ta kuma na nuna cewa daga 2009 har Janairun 2025 ba a sake samun haɗarin jirgin fasinja na kamfanin Amurka da ya ci rayuka masu yawa ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne dokar ta tsawaita hanya, ta kuma sa matuƙi ya yi tsada. A 2016 kamfanin Republic ya tafi kotu yana kukan rashin matuƙa, a 2018 Great Lakes ya daina tashi.

Ranar da layi ya juya

Wani abu da ya faru a ƙarshen 2017 ya nuna irin siririn zaren da harkar ke rataye a kai, kuma mu da ke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta ba ma mantawa da shi. Tsarin da matuƙan American ke amfani da shi wajen musayar aiki ya daina duba ko akwai mai maye gurbi, ya riƙa amincewa da duk wanda ya nemi hutun ƙarshen Disamba. Ƙungiyarsu ta ce tashi fiye da 15,000 ya rage babu cikakkun matuƙa. Kamfani ya yi tayin albashi ɗaya da rabi, ƙungiya ta ce ba a tuntuɓe ta ba, sai da aka zauna aka daidaita. Gyara kuskuren manhaja aikin 'yan awanni ne. Samo matuƙan da za su cike giɓin kuwa, babu injiniyan da zai iya, sai an roƙi waɗanda ake da su.

Da annobar korona ta zo a 2020, gwamnati ta ba kamfanonin tallafin dala biliyan 54 don kada su kori ma'aikata. Kamfanonin kuma suka lallashi manya su yi ritaya da wuri. A Delta kaɗai matuƙa kusan 1,800 suka karɓi tayin. Fasinjoji suka dawo da sauri fiye da zato, manyan kamfanoni suka shiga kwashe kyaftin daga hannun 'yan kwangila, su kuma suka rasa masu jagorantar jiragensu. Abin da ya cinye Toledo da 'yan'uwanta ke nan.

Sai wuƙa da nama suka koma hannun matuƙa. A 2022 wasu ƙananan kamfanoni suka kai albashin sabon mataimaki dala 90 a awa. Republic ya nemi a rage wa ɗalibansa awannin zuwa 750, FAA ta ƙi. A Maris na 2023 matuƙan Delta suka amince da ƙarin kashi 34 cikin ɗari a shekara huɗu, American da United suka bi da irin nasu a shekarar, Southwest kuma a farkon 2024, duk ba tare da yajin aiki na ko kwana ɗaya ba. Yunƙurin ɗaga ritaya zuwa 67 ya mutu a majalisa a 2024, bayan ALPA ta yaƙe shi.

To, wa ya fi gaskiya?

Idan muka jera abin da muka gani, ƙarancin 2022 na gaske ne, domin jirgin da ke ajiye ba ya ƙarya. Amma girbi ne na abin da aka shuka tun shekara 20 da suka wuce, lokacin da kamfanoni suka mayar da ƙasan tsani wurin wahala, ƙungiyoyi kuma suka kau da kai muddin na sama sun tsira. Kamfani na yin lissafinsa duk wata uku, alhali daga ranar da yaro ya fara koyon tuƙi zuwa ranar da zai zama kyaftin shekaru ne masu yawa. Duk wanda ya jira sai ya ga fasinja a bakin ƙofa sannan ya fara neman matuƙi, ya makara.

Wannan giɓi tsakanin samun lasisi da samun kujera ba baƙo ba ne a wurinmu. Matashin da ya gama Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, shi ma yakan tarar cewa kamfani na neman mai gogewa da shaidar ƙwarewa a kan takamaiman jirgi, kuma ba kowa ke son biyan kuɗin wannan horo ba. Ana kukan rashin kyaftin a sama, masu lasisi na zaune a ƙasa.

A Amurka ma layin bai tsaya ba. Kafin 2024 ta ƙare, jinkirin kawo sababbin jirage daga Boeing ya sa United ya roƙi matuƙansa su ɗauki hutu ba albashi, Southwest kuma ya dakatar da ɗaukar sababbi. A wannan shekarar ne kuma Spirit ya fara sallama daga ƙasan jeri. Matasan da suka ci bashi suka shiga makarantun tuƙi saboda labarin albashin 2023 suna fitowa yanzu, kuma yadda aka karɓe su ne zai nuna ko za a sami masu tuƙa jirage idan dattawan yau suka cika 65.